Yadda Aka Raba Rijiyar Zarandi Biyu

Kai da ka zauna jiya a gindin durumin kasuwa, ka miƙe ƙafa, ka cika baki da goron wani, kana cewa duk sarkin ƙaramar ƙasa da ke yi wa manya biyu dariya matsoraci ne kuma munafuki, ƙarya kake yi, kuma ka san ƙarya kake yi. Ba zan kama sunanka ba, don 'ya'yanka suna gaishe ni. Kai da iyakar tafiyarka kududdufin bayan gari, can ɗin ma sai an raka ka, kai ne za ka koya wa sarakuna zama tsakanin ƙarfafa? To gyara zama. Ku ma sauran ku matso, ku ji abin da ido ya gani, ƙafa ta taka, maƙogwaro ya ɗanɗana, da izinin Wanda ya shimfiɗa ƙasa ya ɓoye ruwa a cikinta.

Ni ne Cindo ɗan Barau, dillalin jakuna, jikan dillalin jakuna. Karatuna bai wuce izu biyu ba malam ya kore ni, wai ina mayar masa da magana. Harsuna bakwai ɗin da nake ji a kasuwa na tsince su, kuma kowanne da zagi na fara shi. Na sha ruwan ƙasashe goma sha tara, an ɗaure ni a uku, an yi mini bulala a biyu, sauran kuwa ban daɗe ba balle su san ni.

Shekarar da na fita neman arziki na bi wani ayarin gishiri. Muka ƙetare Tekun Toka, inda jirgi ke tafiya a kan toka mai ɗumi, kifinta kuwa a gashe ake kama shi. Daga nan muka shiga Dajin Tsegumi, wanda itatuwansa ke maimaita duk abin da matafiyi ya faɗa a ƙarƙashinsu. Ba wanda ya gaya mini. Na zauna a gindin wata bishiya na faɗi ra'ayina game da madugunmu, da hancinsa, da rowarsa. Da ya zo wucewa bishiyar ta karanta masa tas, har da muryata. A bakin Hamadar Gishiri ya sauke ni, ya bar mini jaki ɗaya gurgu da salka rabi.

Hamadar nan faɗinta tafiyar kwana arba'in ce, fara fat, ba tsiro ba inuwa, kuma a cikinta duka rijiyar ruwan daɗi ɗaya ce tak. Ƙasar da ke kewaye da rijiyar ita ce Zarandi. Na ce ƙasa don girmamawa. Idan zakara ya yi cara a iyakarta ta gabas, na iyakar yamma ke amsa masa. Gari ɗaya, ƙauyuka shida, mutum dubu huɗu.

Na iso ta da hantsi, harshena kamar tsohon takalmi. Da na hango rijiyar sai na ga tantuna sun sa ta a tsakiya. A dama wasu ƙatti ne, kowanne tsawon matashiyar giginya, suna jan ruwa da guga mai cin tulu goma. A hagu wasu farare ne sirara masu manyan rawuna, su ma suna ja. Can baya cikin rana kuwa mutanen gari ne a jere da tulunansu, sun yi shiru kamar masu zaman makoki.

Wata tsohuwa ta fito daga layin ta dube ni. Sunanta Inna Tasalla, kuma ita ta zama uwar ɗakina. Ta karkata tulunta ta tsiyaye mini ɗan abin da ya rage na jiya.

Da na dawo hayyacina na ce, “Inna, rijiyar nan ta waɗancan ce?”

Ta ce, “Tamu ce, ɗana. Su baƙinmu ne.”

“Yaushe suka zo?”

“Bana shekara tara.”

Na ƙware da ruwan. A hanyar gida ta warware mini. Zarandi na da maƙwabta biyu da ba sa ga-maciji, Barkandu a gabas, Sulfaya a yamma. Sarkin Barkandu ya ce kakansa ya haƙa rijiyar. Sarkin Sulfaya ya ce raƙumin kakansa ne ya durƙusa a wurin ruwa ya ɓullo. Da kowanne ya ga ba zai iya da ɗan'uwansa ba, sai ya nemo uban gida daga nesa. Barkandu ta ɗauko Daular Ƙatti, Sulfaya ta ɗauko Daular Masu Baki Biyu. Ƙatti suka zo Zarandi baƙunci don su tsare mata rijiya kada Sulfaya ta ƙwace. Bayan sati ɗaya Masu Baki Biyu suka zo baƙunci don su tsare mata ita kada Barkandu ta ƙwace. Tun daga ranar rijiya take cikin tsaro, tsaron da har masu ita ba sa samun sha sai la'asar.

Na ce, “To ba ku tambaye su ranar tafiya ba?”

Tsohuwar nan ta tsaya cak, ta tofar da yawu gefe uku. “A'uzubillahi! Kada ka ƙara, ɗana. Wanda ya kafa garin nan, wani mai masauki ne ya yi masa wannan tambayar a tsakiyar bazara, ya fita da iyalinsa, rabinsu suka mutu a hanya. Shi ya bar mana doka uku. Baƙo shi ke fara sha. Ba a ba baƙo aiki. Ba a tambayar baƙo ranar tafiya.”

Zan faɗi gaskiya, dokar nan ta yi mini daɗi. Wata uku ina kwance a zauren Inna Tasalla, ina cin tuwonta, ko tsinke ban ɗaga ba. Jakina ma ya warke ya yi ƙiba. Na fara gane abin da ya zaunar da Ƙatti.

Ran nan na raka ta rijiya, sai na ga wani ƙato yana wanke takalminsa da guga na uku, ita kuwa tana tsaye tun safe. Jinina ya hau. Na taka bakin rijiyar na zage shi da harshensu, na haɗa da kakarsa da garinsu. Ya ɗaga ni da yatsa biyu kamar ɗan tsako, ya kai ni fada ya ajiye.

Sarki Tunau ɗan ƙaramin tsoho ne mai yawan murmushi. Zaurensa ƙofa biyu gare shi, ɗaya gabas ɗaya yamma, kuma aikin Wazirinsa Anaruwa kaf shi ne ya tabbata jakadan Ƙatti ya fita ta wannan kafin na Masu Baki Biyu ya shigo ta waccan. Ran Litinin sarki yakan sa hular da Ƙatti suka ba shi, wadda ke sauko masa har haɓa. Ran Alhamis yakan sa takalman da ɗaya ɓangaren suka ba shi, waɗanda ke matse shi har ya yi ɗingishi. Duk abin da kowannensu ya roƙa amsa ɗaya ce: “Za mu duba, in Allah ya so.”

Ya ba ƙaton haƙuri ya sallame shi, sannan ya juyo. “Malam baƙo, an ce kana da baki.”

Na ce, “Ranka ya daɗe, ina da shi, kuma ina amfani da shi, ba kamar wasu da suka ajiye nasu don murmushi ba. Shekara tara mutanenka na shan ragowar wankin takalmi, kai kana canza hula. A garinmu ko mai gadin kasuwa ya fi haka zuciya.”

Waziri Anaruwa ya dafe ƙirji. Sarki kuwa sai ya yi dariya har hular ta faɗi.

Ya ce, “Madalla. Mu doka ta ɗaure mana harshe, kai kuwa baƙo ne, ba ta hau kanka ba. Je ka tambaye su ranar tafiya. Idan ka dawo mana da rijiyarmu, ka zauna nan har ƙarshen ranka. Sharaɗi ɗaya na gindaya maka: ɗaya bayan ɗaya za ka gan su. Kada ka kuskura ka zaunar da su a tabarma ɗaya.”

Na ce, “Ni za a koya wa? Ubana ya taɓa fasa mini baki don na bar mai saye ya gana da mai jaki ba na tsakani.”

Na fara da Gurdum, jakadan Ƙatti. Sai da aka kafa mini tsani a kafaɗarsa na hau na yi masa magana a kunne. Na tambaye shi ranar tafiya, ya ce, “Ranar da Masu Baki Biyu suka tafi.” Ya sa aka ba ni kyautar cokali wanda mutum biyu suka ɗauko. Haka Ƙatti suke, ba su da magana sai kyauta, kuma kyautarsu ba ta taɓa zama daidai da mai karɓa. Sun gina wa Zarandi gada mai baki bakwai, a ƙasar da ko kwata ba ta gudu.

Na tafi wurin Nirfan, jakadan Masu Baki Biyu. Su kuma halittarsu baki ɗaya a fuska, ɗaya a ƙeya ƙarƙashin rawani, kuma kowanne da harshensa. Bakin gaba ya ce, “Marhaba da masanin zamani! Wallahi kayanmu a ɗaure suke, gobe ma sai mu tashi in Ƙatti sun ɗaga. Ƙaunar 'yancin Zarandi ce kawai ta tsayar da mu.” A daidai lokacin bakin ƙeya na ce wa magatakarda, “Wannan mai warin jakin fa? A bincika me yake so, a ba shi, ya rufe mana baki.” Bai san na koyi harshen ƙeyar a wani kurkuku ba.

Kwana ashirin ina safa da marwa tsakanin tantunan nan. Wannan ya ce sai wancan, wancan ya ce sai wannan. Na tara cokula huɗu da kirari buhu guda. Ranar ashirin da ɗaya zuciya ta ciyo ni. Na ce a raina, tunda kowa na jiran ɗan'uwansa, in haɗa su gaban jama'a su faɗi rana ɗaya mana, in ga ta inda za su zille. Tsohon nan tsoro ne ya hana shi, ni kuwa ba a haife ni da shi ba.

Ranar kasuwa na aika wa kowanne cewa sarki na kiransa rumfar mahauta. Suka zo suka yi kiciɓis. Shekara tara ba su taɓa ganin juna kusa haka ba. Na hau turmi na fara. Na ce da Gurdum tulin nama marar kunya, mai gina gada a kan yashi. Na ce da Nirfan ya kwance rawani jama'a su gaisa da bakinsa na gaskiya. Na yi musu tas, kasuwa ta yi tsit, ni kuwa ina jin kaina kamar wanda ya ci yaƙi.

Sai Gurdum ya dubi Nirfan, Nirfan ya ɗaga kai ya dubi Gurdum. Sai suka fashe da dariya, shi Nirfan da baki biyu. Gurdum ya ce, “Kai ma haka yake yi maka?” Suka zauna a tabarmar da na shimfiɗa da hannuna, suka ce in ba su wuri manya za su gana.

Kafin azahar sun fito riƙe da hannun juna. Aka buga tambari aka yi shelar Sulhun Zarandi. An raba rijiya biyu da allunan tagulla tun daga baki har ƙasa, gabas ta Ƙatti, yamma ta Masu Baki Biyu, mallaka ta har abada. Saboda tausayi irin na manya, kowane gida a Zarandi za a ba shi tulu ɗaya a yini. Sarkin Barkandu da na Sulfaya suka zo shaida, aka ba kowanne guga na zinariya da ba a ba shi izinin zurawa ba, suka koma gefe suna harara suna murna. Sarki Tunau kuwa ba a ba shi wurin zama ba. An dai kira shi ya yi tafi, kuma ya yi.

Daga nan na shiga fada. Sarki ya dube ni da murmushin nan nasa.

“Sannu da aiki, Cindo. Shekara tara ina hana su shan inuwa ɗaya, kai ka gama a wuni guda. Lalle ubanka ya koya maka sana'a.”

Da ya sa an yi mini bulala da ya fi mini sauƙi. A gida Inna Tasalla ta ajiye mini tuwo, da na ce mata sannu ta ce, “Ci, baƙo. Ai ku ba a ba ku aiki, yanzu na ga dalili.”

Ga abin da ban sani ba, kuma jakadun ma ba su taɓa damuwa su sani ba. Rijiyar Zarandi ba da kanta take rayuwa ba. Yashin gishiri kullum yana rarrafowa yana toshe idon ruwan, don haka duk kwana bakwai mutum goma sha biyu, masu yasa, sukan sauka da igiya da sanyin safiya, su nutse, su buɗe idon da hannu. Gado ne, kuma ba wanda ya san inda idon yake sai su. Ranar yasa ta zagayo, shugabansu ya zo fada ina zaune, ya ce, “Ranka ya daɗe, mu sauka ta wane ɓangare, gabas ko yamma?”

Sarki ya ce, “Waziri, a shelar nan, wa aka ce ke da rijiya?”

“Ƙatti da Masu Baki Biyu, ranka ya daɗe.”

“Su ke ba mu ruwa?”

“Su ne.”

“To ashe su ne masu gida, mu ne baƙi. Ni kuwa ban taɓa jin an ba baƙo aiki a Zarandi ba. Ku je ku huta.”

Na zabura na ce, “Ranka ya daɗe, in rijiya ta toshe ai mu za mu fara mutuwa!”

Ya ce, “Akwai randuna a binne cikin kowane ɗaki, cike. Za su kai mu kwana goma sha biyar in an yi tsimi, ga kuma guna a rumbu.”

“Yaushe aka binne su?”

“Tun ranar da na fara jin bakinka.”

Na tashi na fita.

Washegari duk garin suka yi wanka da yashi, suka sa kayan salla, suka shimfiɗa tabarmi kewaye da rijiya suka zauna. Duk ƙaton da ya wuce sai su ce, “Sannu da gida, maigida! Ina gajiyar baƙi?” Kwana uku ruwa ya fara ja baya. Kwana shida ya fara zartsi. Ƙatti suka ce za su yashe da kansu, amma kafaɗar ƙaraminsu ba ta shiga ko cikakkiyar rijiyar ba, balle rabi. Masu Baki Biyu suka zura nasu gwanin. Ya nutse ya rufe bakin gaba gam, ruwa ya shige ta na ƙeya, da ƙyar aka jawo shi. Ashe ba su taɓa koyon rufe duka biyun a lokaci ɗaya ba.

Gurdum ya zo fada da kansa, ya cire rufin zauren don ya ga sarki, ya ce zai rataye masu yasa ɗaya bayan ɗaya. Sarki ya gyara hularsa ya ce, “Maigida ai yana da iko. Goma sha biyu ne dai a duniya, in sun ƙare sai a sha gishiri. Amma za mu duba, in Allah ya so.”

Kada ku zaci wasa ne. Ranar goma sha ɗaya randuna suka fara nuna gindi. Jarirai suka daina kuka mai ƙarfi. Leɓen Inna Tasalla ya tsattsage, kuma na kama ta tana zuba rabonta a ƙoƙona, wai har yanzu ni baƙon baƙi ne, ni ke fara sha. Na mayar mata muka yi ta faɗa kamar za mu daku. Dakarun tantuna su ma salkunansu sun motse, amma su dubu shida ne da makamai, kuma mai ƙishirwa da takobi ba ya daɗewa yana tunani.

A ranar nan sarki ya kira ni. Murmushin na nan, amma muryar ta dushe. “Saura kwana huɗu, Cindo. Yanzu je ka yi dillancin da ka ce ka gada. Ɗaya bayan ɗaya.”

Na hau tsanin Gurdum na ce, “Ranka ya daɗe, na ga ɓangarenku ya ja baya ƙwarai. Halan kun auna na maƙwabtanku? Allunan nan dai maƙeransu ne suka ƙera, ko ba haka ba?” Na sauka na tafi wurin Nirfan na ce, “Guga ɗaya na Ƙatti tulu goma ne, naku ɗaya. Ruwa kuwa a ƙarƙashin allo ban san ko ya san gabas da yamma ba.” Ban yi wa kowa ƙarya ba. Tambaya na yi, kuma ba a taɓa ɗaure dillali don tambaya ba.

Ranar goma sha uku aka wayi gari an zare takubba a bakin rijiya, Ƙatti a gabas, Masu Baki Biyu a yamma, mutanen Zarandi a tsakiya kan tabarminsu. Sarkin Barkandu da na Sulfaya, jarumawan da suka jawo wannan duka, tuni kowanne ya tuna yana da uzuri a gida. Na ga in aka fara, garin nan ko turmi ba zai rage ba. Nan na gane aikin bai ƙare ba, don raba su rabin ciniki ne kawai. Kowannensu so yake ya tafi, ƙishirwa ta gama da shi, amma ba mai yarda a ce shi ya fara juya baya.

Wannan kuwa ita ce sana'ata. Dillali na gari shi ne wanda mai saye zai tafi yana cewa ya cuci mai jaki, mai jaki ya tafi yana cewa ya cuci mai saye. Na ce da Gurdum, “Ka rubuta wa sarkinku cewa ka kori Masu Baki Biyu daga hamada ba tare da ka zubar da jini ba, sannan ka mayar wa marayu rijiyarsu.” Ya ce, “Sake faɗa a hankali, magatakarda na rubutawa.” Na je na faɗa wa Nirfan irinta, sunan kawai na juya. Bakin gaba ya ce, “Dama abin da muka zo yi ke nan.” Bakin ƙeya ya ce, “Ruwa. A ba ni ruwa.” Wannan ne karon da na ji bakunan nan biyu sun kusa yarda da juna.

Aka ƙulla. Za a cire alluna. Rundunonin biyu za su tashi a sa'a ɗaya, kowa ya bar mutum ɗaya da tanti ɗaya don ya sa ido kada ɗayan ya dawo. Nan gaba in ayarin Ƙatti ya biyo, ya fara sha ran Litinin, na Masu Baki Biyu ran Alhamis, sauran kwana biyar na masu gari. Masu yasa suka sauka ranar goma sha huɗu, kafin la'asar ruwa ya taso yana sheƙi. Da rana tsaka washegari rundunoni suka tashi, kuma wallahi da baya da baya suka yi tafiyar yinin farko, kowa na kallon ɗan'uwansa.

Sai dai akwai sharaɗi ɗaya da ban ji ba, don ba ta hannuna ya bi ba. Kowane jakada, ba tare da ya san ɗayan ya nema ba, ya roƙi sarki abu ɗaya: dillalin jakuna. Gurdum ya ce zai taka ni ne kawai, ba zai ɓata lokaci ba. Nirfan ya ce za a kai ni birninsu a karrama ni, ƙeyarsa na tambayar ko an wasa tsinken tsire. Sarki ya yi ta dubawa in Allah ya so har ya sauko da su kan cewa in bar ƙasar, kuma masu sa idon nan biyu su gani da idonsu.

Aka tara jama'a a bakin rijiya. Na zo da sabuwar riga, na zaci naɗi ne. Sarki Tunau ya tako da ɗingishinsa ya tsaya gabana, ya ɗaga murya yadda tantunan biyu za su ji.

“Cindo ɗan Barau, yaushe za ka tafi?”

Mata suka toshe kunne. Waziri Anaruwa ya sunkuyar da kai. Tun da aka kafa garin ɗan Zarandi bai taɓa furta wa baƙo kalmomin nan ba. Dakaru dubu shida sun yi shekara tara ba a yi musu ba, sai ni.

Na ce, “Ni? Ni da na hau tsani har ƙafata ta kumbura? Kai da bakinka ka ce in zauna har ƙarshen raina!”

Ya matso ya rage murya. “Na faɗa. In ka zauna, ƙarshen ran naka jibi ne, namu kuma gata. Kai ɗaya ne, Cindo, mu dubu huɗu ne, ga su can suna kallo. Zage ni da ƙarfi, zai taimaka.”

Na kuwa zage shi, da harsuna bakwai, kuma ba don taimako ba. Ya tsaya ya shanye yana murmushi. Aka kawo jakina da salka huɗu cike. Inna Tasalla ta ɗaura mini ƙullin guna, ta ƙi kallon sarki, ta ce, “Allah ya kiyaye hanya, ɗana. In ka isa wani garin, ka yi kwana uku kafin ka buɗe bakin nan.”

Da na hau tudun gishiri na ƙarshe na waiwaya. Hantsi ne, ranar Talata, mata na jan ruwa ba layi, wata har tana wanke wa 'yarta kai. Tsohon yana tsaye tsakanin tantunan biyu, ya ɗaga wa na gabas hannu, ya juya ya ɗaga wa na yamma daidai wancan, ba ƙari ba ragi.

Har yau ina tuna shi, kuma ban yafe ba. Amma kai mai goro, da ku da kuke gyaɗa masa kai jiya, ga rijiya ɗaya, ga mutum dubu huɗu, ga ƙato a dama, ga mai baki biyu a hagu, ga kuma wani dillalin jakuna da aka yi wa alkawari. Wanda zai ce da shi ne sarki ba zai sa hular ba, ba zai yi tafin ba, ba zai kore ni ba, ya tashi tsaye yanzu ya faɗa ina kallon idonsa.